Yatsan Baba a Gindin Tukunya

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Babana, ni kuwa ina Tema a bakin aiki. Kafin in canja mota biyu in iso unguwarmu Nima a Akara an riga an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin gota, wato kwata, an jera bencina, lungun ya toshe. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na faɗa a cikin mota, na sake faɗa a bakin lungu, amma maganar ba ta shiga jikina ba sai da na ga rumfar aikinsa da kwaɗo a ƙofa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin rumfar nan a kulle da rana ba, in ba ranar Juma'a ba.

Mutane sun zo, alhamdu lillahi, sun zo sosai. Sai dai na yi kwana uku a kan tabarma ina karɓar gaisuwa, ina jin ana yabon rabin mutum. Liman ya ce mutumin sahun farko ne, bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Gaskiya ne, a masallaci. Matan lungu kuwa tukunya kawai suke ambato. Maƙwabciyarmu mai dokunu, tuwon masarar nan na sayarwa, 'yar ƙabilar Ga ce amma a Zango cikin Hausawa ta tsufa, ta durƙusa gabana tana share hawaye da bakin zane, ta ce, "Kai, Baba ya tafi. Tukunyan da ya zuba mini tun ina da cikin fari, har yau yana nan, bai fashe ba."

Da yana raye da ya gyara mata magana nan take. "Tana nan," zai ce. "Tukunya mace ce." Kakana daga arewa ya zo fataucin goro ya zauna, ya bar wa Baba cikakkiyar Hausa, Baba kuwa ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da Hausarmu ta Zango wadda ba ruwanta da mace ba ruwanta da namiji. Bai ci nasara a kan kowa ba. Ko Gwaggo, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta taɓa bin gyaransa ba, balle ni.

Samarin okada da ke tsayawa a bakin titi su ma sun shigo sun yi gaisuwa, Allah ya saka musu. Ina ji ɗaya yana tambayar ɗan'uwansa a hankali, "Cale, wai tsohon nan bakanike ne ko maƙeri?" Ɗayan ya ce, "Mai tukunya ne kawai." Kawai! Wallahi sai da na danne zuciyata. Mutanen da ke cin abinci a kan babur, ba su san a gidan wa suke zaune ba.

Mutum ɗaya ne ya ambaci babur. Baffa mai albasa, abokin Babana tun suna samari. Ba jini ya haɗa mu ba, amma Baffa nake ce masa tun ina rarrafe. Ciwon ƙafa ya ci shi, 'yarsa ce ta kawo shi a tasi daga unguwar Malam, aka zaunar da shi a ƙarshen benci. Ya kama hannuna ya ce, "Ya haƙuri?" Na ce mun gode Allah. Ya ce, "Babur yana nan fa." Na ce, "Na sani, Baffa." Na zare hannuna na juya wajen wasu masu gaisuwa. Na san babur ɗin da yake nufi, na kuma san abin da ke jikinsa, shi ya sa ban so maganar ba.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Da zubin tukwanen alminiyam Babana ya fara, irin manyan nan na biki. Amma abin da ya kai sunansa Kumasi da Tamale a zamaninsa, tukunyar babur ce. Tsofaffin baburan Ingila, masu nauyi masu gurnani, giyarsu tana zaune ne cikin wani kwanso na alminiyam a bayan inji. Bakanike zai ce giyabos. Baba ya ce abin da ke da ciki da murfi, ana zuba masa mai, yana ɗaukar zafi, ai tukunya ce, ko Sarauniya ce ta aiko da shi.

To, Turawan da suka ƙera wannan tukunya ba su san da Baffa mai albasa ba. Buhu uku yake ɗaurawa a baya daga kasuwar Agbogbloshie, ya hau ramuka ya sauka. Ba shi kaɗai ba, duk haka ake yi. Sai tukunyar ta tsage daidai inda boris, zoben ƙwallayen da sandar giya ke juyawa a ciki, yake zama, mai ya tsiyaye, haƙoran giya su ciji juna, tayar baya ta ƙame kana cikin gudu. Mutane sun mutu a haka. Ga shi an daina kawo sabuwa. Sai Baba ya sassaƙa siffarta da katako, ya ƙara mata kauri a wurin da take tsagewa, ya yi mata wasu layuka masu tudu a baya da yake kira haƙarƙari. Wannan katako shi ake dannawa cikin yashi mai laima, a cire, a zuba narkakken alminiyam a gurbin da ya bari. Baba yana ce masa uwa, don ita ke haihuwar tukunya. Kowane irin babur da uwarsa. Yana shafa musu jan fenti, yana ajiye su cikin buhuna a ƙarƙashin tebur.

Ranar addu'ar uku aka tashi da ruwa. Itacen da aka sayo don suyar masar sadaka duk ya jiƙe. Ina zaune a waje cikin maza sai na ji wani wari a cikin hayaƙin da ke fitowa daga tsakar gida, warin da na sani tun ina yaro. Na miƙe na shiga ciki. Na tarar da mata sun kewaye tanda, wuta tana ci bal-bal, ga buhuna uku a yashe babu komai a ciki. Gwaggo ce ta ɗauki mabuɗin rumfa don a fito da benci, ta ga busasshen katako, ta gode wa Allah.

Na sa hannu cikin murhu na jawo uwa guda ɗaya. Rabinta gawayi ne, haƙarƙari biyu suka rage. Na yi ihu a tsakar gidan makoki, Allah ya yafe mini. Na ce, "Gwaggo, kin san abin da kika ƙona? Aikin shekara arba'in kika soya masa da shi!"

Gwaggo ta dube ni, tsinken juya masa yana hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ba ni haƙuri ba. Ta ce, "Ɗana, ni guntayen katako na gani. Kai da ka san darajansu, shekara nawa rabonka da ka leƙa rumfan nan?"

Ta ɗauki masa ɗaya mai zafi ta danƙa mini a hannu, kamar yadda take yi mini ina ƙarami in na yi rigima. Na ci. A waje ina ji Liman yana cewa masar ta yi daɗi.

A ranar na zauna na duba abin da Baba ya bari. Hoto ɗaya ne, na jikin katin shaida, ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Bai yi boko ba, bai bar wasiƙa ba. Kabari kuwa damina biyu ta ishe shi ya baje. Guduma da ludayin zubi da zugazugi, waɗannan na kowa ne, ko a kasuwa za ka saya. Uwayen sun zama toka. Abu ɗaya ya rage a duniya da zan nuna wa 'ya'yana in ce ga kakanku, shi ne tukunyar babur mai yatsansa a jiki. Na yi niyya sai na samo ko guda ɗaya.

Ga maganar yatsan. In Baba ya cire uwa daga cikin yashi, kafin ya rufe akwatin zubi, sai ya yi bisimilla ya danna babban yatsansa na dama a gindin gurbin. In alminiyam ya sandare, wurin sai ya fito da ɗan tudu kamar rabin goro. Yatsan nan yana da tsaga, tun yana saurayi ƙarfe ya raba shi, saboda haka tudun ma da tsagarsa yake fitowa. A ƙasa yake, kusa da inda ake zubar da mai. Sai ka kwanta a ƙasa ko ka zura hannu za ka san yana nan. Tukwanen girki ba ya yi musu haka. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Tukunyar tuwo in ta fashe, yunwa ce ta kwana ɗaya. Wannan in ta fashe, rai ne. Dole a san wanda za a tambaya, a nan da can."

Mutum ne mai wuyar sha'ani a bakin aiki, kada kowa ya ce muku wani abu daban. Ba ya narka tsohuwar tukunya ko kwanon rufi don babur, sai tsofaffin fistin na manyan motoci, ya ce su ne suka san wahala. Yashi kuwa da hannu yake gwada shi, ya dunƙule ya karya biyu, in ya rugurguje ya ƙara ruwa, in ya manne masa a tafi ya shanya. Ranar zubi ba ya amsa sallama. Ko Alhaji ne ya zo da babbar riga, sai ya tsaya a rana har a gama. In tukunya ta huce sai ya rataye ta da igiya ya ƙwanƙwasa da cokali, ya kara kunne. In ƙarar ba ta yi masa ba, a gaban mai ita zai ɗaga guduma ya farfasa. Na ga wani ɗan sanda ya kusa kuka a kan haka, ya yi mako biyu yana jira. Baba ya ce masa, "Gara ka ƙara mako ɗaya a ƙasa da ƙafarka."

Shi ma Baba yana da nasa babur a da, baƙi, yana ji da shi. Wata rana wani baƙo ya turo irinsa har ƙofar rumfa, tukunya ta tsage, mai yana bin sawunsa. Malamin makaranta ne, ko Hausa ba ya ji, Turanci da yaren Tuwi suka haɗa suka fahimci juna. An aiko masa uwarsa tana kwance rai a hannun Allah a can arewa. Zubi kuwa sai ya ci kwana goma. Baba ya durƙusa gaban nasa babur ɗin ya fara kwance kusoshi, don ya ɗaura wa baƙon tasa tukunyar. Kafin la'asar mutumin ya kama hanya. Da ya dawo bayan wata guda da zabi biyu a kwando, ya ce a mayar wa Baba abinsa, Baba ya ce, "Ta saba da kai, bar ta." Ya tambaye shi ko ya tarar da uwar da rai. Ya ce ya tarar, har sun yi magana. Baba ya ce to shi ke nan, ya koma kan yashinsa. Innata ta yi masa mita wata guda, don da ƙafa ya riƙa zuwa ko'ina.

Yanzu sai tawa. Ba na so in rubuta, amma in na tsallake, to ni ma rabin mutum na yaba.

Baba ne ya tura ni makarantar koyon sana'a, ya ce in je in koyo abin da shi bai sani ba. Na dawo da gemu da takarda da ma'aunin ƙarfe a aljihun gaba, kai ya kumbura. A daidai lokacin tukunyar Baffa mai albasa ta asali ta tsage. Ita ce tukunya ɗaya tak da muka yi tare da Baba daga farko har ƙarshe. Ni na yi awo, na ce a ƙara haƙarƙari ɗaya a gefen boris. Ya yi gardama kwana biyu, rana ta uku na zo na tarar ya sassaƙa shi yadda na ce, bai kuma ce mini komai a kai ba. Ranar zubi shi ya kama sandar kasko ta wancan gefe, ni ta wannan. Da ya ƙwanƙwasa ta da cokali sai da ya lumshe ido. Ban taɓa jin daɗi a rayuwata kamar ranar ba.

Amma akwai abin da ke cina a rai. Na taɓa kai wa wani malaminmu ɗaya daga cikin tukwanen Baba ya gani. Ya juya ta, ya yaba, sai ya ga tudun ya yi dariya, ya ce aikin Zango ba ya rasa ƙari a jiki. Dariyar nan ta zauna mini. Da Baba ya tafi sallar azahar ya bar ni in share gefen zubi, sai na ɗauki magagari na kifa tukunyar. Ba kuskure ba ne, na san abin da nake gogewa. Na goge shi tas, na bi da takardar yashi har wurin ya yi sumul.

Ya dawo da carbi a hannu. Ya ɗauki tukunyar yana yi wa Baffa magana, hannunsa ya zagaya ƙasa yadda ya saba. Sai ya yi shiru a tsakiyar magana.

"Ina yatsana?"

Na ce, "Baba, gyarawa na yi. Yanzu ba wanda zai ce ba daga Ingila ta zo ba."

"To in ta fashe a hanyar Nsawam ta kashe Baffanka, Ingila za a je a tambaya?" Muryarsa ta cika lungu, har mai dokunu ta leƙo. "Wa ya sa ka? Ni ban san wannan ba. Taka ce!"

Da na yi shiru da an wuce wurin, don fushin Baba ba ya kwana. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Mutanen da suka yi karatu suna suke bugawa a jikin aikinsu, ba dangwale ba."

Baffa ya ce, "Kai!" Baba kuwa ya ɗaga yatsan ya dube shi, ya goge shi a jikin rigarsa a hankali, ya ce, "Haka ne." Ya ajiye tukunyar a kan tebur ya fita. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Baffa yana bukatar babur ɗinsa, saboda haka ni na ɗaura masa ita da hannuna. Bayan wata guda na samu aiki a Tema na tattara na tafi. Baba bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Kada ku ɗauka mun yi gaba. Ina zuwa da Sallah, in durƙusa in gaishe shi, ya tambayi iyali, ya sa albarka. Shi ya yi wa 'ya'yana huɗuba. Amma ban ƙara taka cikin rumfar ba, shi ma bai ƙara ce mini zo ka kama ba. Kullum ina cewa wata Sallar zan ba shi haƙuri. In na zo sai in ga mutane sun yi yawa, ko in ga yana cikin raha kada in ɓata masa, ko dai wani dalili. Ban taɓa rasa dalili ba.

Ana nan Innata ta rasu. Baburan Ingila suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ƙananan nan marasa nauyi suka cika gari, waɗanda in sun lalace ake jefarwa a sayi wani. Baba ya koma zubin tukwanen girki, daga baya ƙarfi ya ƙare ya daina hura wuta gaba ɗaya. Duk da haka kullum sai ya buɗe rumfa bayan ya karya kumallo. Wata rana, ba Sallah ba, aiki ya kawo ni Akara na biyo ta lungun. Na hango shi ta tsagar kwano. Yana zaune shi kaɗai a kan ɗan kututture, ya fito da uwayen ya jera a gabansa, yana shafa wa ɗaya fenti da tsumma. Kokon da aka kawo masa ya huce a gefe, ƙuda yana bi. Ba mai jira, ba mai sallama. Na tsaya a nan har ƙafata ta gaji. Sai na zagaya ta ƙofar gida na bar wa Gwaggo saƙo, na ce sauri nake yi.

Bayan addu'ar bakwai na fara nema. Na bi tsofaffin bakanikai na Nima da Mamobi, waɗanda suka rage. Kowa ya ce, "Ai waɗannan sun daɗe da tafiya kondem," wato an sayar wa masu tara tsohon ƙarfe. Na je wurinsu a bayan Agbogbloshie, na yi kwana uku ina juya tarin alminiyam da hannuna, ina shafa gindin duk abin da ya yi kama da giyabos. Wani Badagombe a cikinsu ya ji tausayina ya ba ni ruwa. Ya ce, "Masta, alminiyam ba ya kwana a nan. Abin da kake nema, wataƙila matarka tana dafa shinkafa a ciki."

Sai aka yi mini kwatancen wani mai hali da ke tara irin waɗannan babura yana gyara su don sha'awa. Na je. Mutumin kirki ne, ya karɓe ni da kyau. A cikin guda biyar da ya jera na gane ta Baba tun daga ƙofa, ga haƙarƙarinta nan. Na durƙusa na zura hannu. Sumul. Ya ce, "Af, akwai wani ƙari a wurin, mun goge shi da muka yi mata kwalliya. Amma wanda ya yi wannan ya san aiki, ba ta taɓa zubar da mai ba." Na so in yi masa ihu kamar yadda na yi wa Gwaggo. Da wane baki? Na yi masa godiya na fito.

Saura kwana huɗu addu'ar arba'in Gwaggo ta ce mini, "Baffanka ya aiko sau biyu. Ya ce ka zo ranar Juma'a, bayan masallaci." Na ce me zan je in gani, abin da na goge da hannuna? Ta ce, "Ko ba don ƙarfe ba, tsoho ya kira ka."

Na je. Na tarar da shi a kishingiɗe a baranda, ƙafafun a kan matashi. Bai bari na gama gaisuwa ba ya sa 'yarsa ta kama shi, muka shiga wani ɗan ɗaki na ajiya a bayan gida, aka sa masa kujera a bakin ƙofa. Babur ɗin yana jingine da bango a ƙarƙashin tsofaffin buhunan albasa, tayoyi sun sace. Ya ce shekara tara rabon da a tayar da shi.

Ya ce, "Ka san inda ubanka yake zuwa ranar Juma'a?"

Na ce, "Wurinka, Baffa. Hira."

"Hira? Ni da ubanka mun gama hirarmu tun tuni, ba abin da ya rage. Ba wurina yake zuwa ba." Ya nuna babur ɗin da sandarsa. "Tun ina kasuwa yake bin shi. Da na dawo nan ya riƙa shiga mota biyu. Ya sha ruwa, ya shigo nan, ya durƙusa, ya zura hannu ya danna yatsa a wurin nan da ka sani. Ya fito da shi ya duba. Sai ya ce, ta yaron nan ba ta zubar ba. Ya zauna a inda kake tsaye har la'asar, ya tafi."

Na ce, "Babur ɗin da ba ya tafiya, me zai zubar?"

"Ni ma na tambaye shi. Na ce malam, ka tsufa, gwiwa ba ta lanƙwasuwa, wannan wahala ta mece ce? Ya ce, yatsana ba ya jikinta, to dole in riƙa kawo shi. In an zo tambaya ni za a tambaya, ba shi ba."

Na kwanta rigingine a kan siminti da rigar Juma'ata, na ja jiki ƙarƙashin babur ɗin, na kunna fitilar waya. Ga haƙarƙarin nan da na ce a ƙara. Gindin tukunyar baƙi ƙirin yake, tsohon mai da ƙura sun yi kauri, sai wuri ɗaya da ya yi haske. A tsakiyar hasken, cikin ɗan maiƙon da ya kwanta, ga sawun babban yatsa, da tsagarsa, na Juma'ar ƙarshe da ya zo.

Hannun bakanike ba ya shawara. Ban san lokacin da na zaro hankici daga aljihu ba, don in share gefen in gani da kyau.

Sandar Baffa ta sauka a kan ƙafata. "Kai! Wannan karon kada ka goge."

Na janye hannuna na danne shi a ƙarƙashin bayana. Na daɗe a kwance a wurin. Haƙurin da na yi shekara talatin ina ajiyewa, a nan na ba shi, da ƙarfi, Baffa yana ji. Na gwada ɗaukar hoto, baƙi kawai ya fito. Ba a iya ciro shi, ba a iya rufe shi da komai, kuma na san kafin shekara ta zagayo ƙura za ta cinye shi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don 'ya'yana da duk wanda ya ce mai tukunya ne kawai.

Allah ka jiƙan Babana. Ya tsaya a gabanka yana jiran tambaya a kan aikinsa da nawa, ka sauƙaƙa masa ita, ka sanyaya masa makwanci, ka haɗa shi da Innata a inda ba kaɗaici.

Da na koma Nima na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana wankin shinkafar masar arba'in. Ta ga bayan rigata duk ƙura da mai. Ta ce, "Ka ga tukunyan? Yana nan?"

Na ce, "Tana nan, Gwaggo."

Ta ɗago kai da sauri ta dubi ƙofar rumfa, sannan ta dube ni. Sai ta sa bakin zane ta rufe fuskarta.